Rubutun Alƙur'ani a Tsangayun Ƙasar Dutse: Sharhi a kan Ma'aunin Gwaninta

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun daɗe suna sha'awar Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu a ƙasar Hausa da Barno. Tun a 1886 Bafaranshen nan Octave Houdas ya ware rubutun Larabci na ƙasashen kudu da Sahara, ya raɗa masa suna Sudani. A 1960 A. D. H. Bivar ya yi bayanin wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da tarihin shekara ta 1080 bayan Hijira, watau 1669, ya kuma danganta hannun da aka rubuta shi da tsohon rubutun Ifriƙiyya. A 2011 Andrea Brigaglia ya nuna yadda hannun Kano ya bunƙasa ya bazu ta hanyar littattafan kasuwa, sa'an nan a 2013 shi da Mauro Nobili suka yi nazarin hannun Barno. Waɗannan ayyuka sun yi amfani ƙwarai, domin su ne suka fid da rubutun nan daga rainin da ake yi masa a da, cewa wai gurɓataccen rubutun Magariba ne kurum.

Duk da haka, galibin wannan nazari aikin ido ne. Abin da ake aunawa shi ne kaurin baƙi, da lanƙwasar wutsiyarsa, da tsayin alif, da launin zayyana. Wannan maƙala tana ganin cewa ma'aunin nan ya kama gefen tabarma ne, domin masu abin ba da shi suke fara awo ba. A tsangaya rubuta Alƙur'ani jarrabawa ce ta hadda, kuma kyan hannu yana zuwa ne a bayan inganci. Don a fito da wannan batu fili, za a dubi tsangayun ƙasar Dutse, a kwatanta aikin alarammansu da na wani marubuci na wata al'umma mai tsananin kula da littafinta, watau marubucin Attaura na Yahudawa, wanda suke kira sofer. Ba a nufin cewa ɗaya ya koya daga ɗaya. Matsala ɗaya ce ta fuskance su, watau yadda ɗan Adam mai mantuwa zai kwafi littafin da ba a yarda a ƙara masa ko a rage masa harafi ba, kuma kowannensu ya bi tasa hanyar warware ta.

2.0 Ƙasar Dutse tsakanin Kano da Barno

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, sa'ad da aka ɓalle jihar daga Kano. Masarautarta ta ƙunshi Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Abin lura a nan shi ne mazauninta. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil, ta ratsa Shuwarin a gefen Dutse, ta nufi Azare da Potiskum har Maiduguri, ita ce hanyar da Bahaushe yake nufi in ya ce wane ya tafi gabas karatu. Barno kuwa ta daɗe da shahara a wannan fanni, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shaidi mutanenta da himmar karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Saboda haka gardin ƙasar Dutse yana tsakanin tushe biyu ne. Daga gabas yake samo hadda da tsarin tsangaya, daga yamma kuma, watau kasuwar Kurmi da maɗaba'un Kano, yake samo takarda da bugaggun littattafai. Sunayen nan biyu da manazarta suke amfani da su, Barnawi da Kanawi, sunayen cibiyoyi ne, kuma duk hannun da ya fito daga ƙasashen da ke tsakani akan cusa shi ne a ɗaya daga cikinsu. Wannan shi ne rauni na farko na ma'aunin ido: yana ganin birni, ba ya ganin ƙauyen da aka yi aikin.

Kayan aikin kuwa kusan duk na dajin ƙasar ne. Da gamba ko karan dawa ake feƙe alƙalami. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda kuwa akan dafa ta da bagaruwa da ƙarfe da ƙaro, don ta kama. Gafaka ta fatar akuya ce. Takarda kaɗai ce baƙuwa tun asali: a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta Masar da Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku. Lokacin aikin ma na manomi ne, domin sai an kai amfanin gona gida, rani ya shiga, sa'an nan gardi yake samun sukunin zama da allo dare da rana.

3.0 Daga allo zuwa takarda

Ba a koyar da rubutun Alƙur'ani a matsayin sana'a mai zaman kanta a tsangaya. A cikin karatun yake tsirowa. Kolo yana farawa da babbaƙu, inda kowane baƙi yake da sunansa na Hausa wanda ya siffanta kamanninsa ko yadda ake jan sa: ba guje, sin kodo, mim jaye, lam ara, ha kuri, kaf lasan. Duk wanda ya lura zai ga cewa waɗannan sunaye darasin rubutu ne, domin sun bambanta siffar baƙi a farkon kalma da siffarsa a ƙarshenta. Daga nan sai farfaru, inda ake ɗora wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Da farko malam ne yake rubuta wa yaro allonsa. In ya zama titibiri sai ya fara kwafa da kansa, yana duban Alƙur'ani. A haka zai yi sauka, ya koma ya yi hadda, ya yi ta tilawa har karatun ya zauna.

Sai bayan wannan ake shiga satu. A nan gardi yakan rubuta kason karatunsa a babban allo da ka, ba tare da ya dubi komai ba, ya yi masa wasali, ya ɗauka ya kai wurin darasu. Darasu zama ne na alarammomi a gaban gwani, kowa da allonsa, ana karantawa ana dubawa. In an sami alif inda bai kamata ba, ko an rubuta ta kuri inda ta buɗaɗɗiya take, ko an ɗauko ƙarshen wata aya an liƙa wa mai kama da ita, nan take za a ɗaga, a gaban kowa. Wanda ya bi izu 60 ta wannan hanya shi ne yake ɗaukar takarda ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. In an duba an sami aikin ya inganta, ya tabbata alaramma. Gwani kuwa, da gangaran a samansa, sai wanda aka daɗe ana gwadawa ba a kama shi da ɓata ba.

Ke nan Alƙur'anin farko da alaramma ya rubuta daidai yake da kundin da ɗalibin jami'a yake miƙawa a ƙarshen karatu, darasu kuma shi ne zaman masu jarrabawa. Manazarcin da ya ɗauki kundin yana yaba kyan rubutun, bai tambayi wa ya duba shi ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

4.0 Marubucin Attaura

A wajen Yahudawa, sofer shi ne mai rubuta naɗaɗɗen littafin Attaura da ake karantawa a majami'a, da ayoyin da ake sawa cikin 'yan akwatunan fata a ɗaura a hannu da goshi wajen addu'ar safe, da kuma waɗanda ake maƙalawa a dogaran ƙofa. Aikinsa yana ƙarƙashin dokoki masu yawa da aka tsara a rubuce, tun daga Talmud har zuwa littattafan koyarwa irin su Keset Hasofer, wanda Shlomo Ganzfried ya wallafa a 1835. A kan fatar dabbar da ta halatta a ci yake rubutu, bayan an jeme ta da niyyar wannan aiki, an kuma tsaga mata layuka. Tawada baƙa ce, alƙalami kuwa na gashin tsuntsu ne ko na kara. Haruffan littafin 304,805 ne, kuma aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Ba a yarda harafi ya taɓa ɗan'uwansa ba. In an yi shakkar siffar wani harafi, akan kira yaro matsakaicin fahimta a nuna masa, abin da ya karanta shi ne hukunci. Sunan Allah kuwa sai marubucin ya furta niyya kafin ya rubuta shi, in kuma ya rubuta ba a kankare shi. Littafin da aka sami kuskuren harafi ɗaya a cikinsa ba a karatun jama'a da shi sai an gyara.

Koyon aikin a gaban malami ake yi. Ɗalibi yakan karanci dokokin, ya zauna da ƙwararre yana gyara masa hannu, a jarraba shi, a ba shi takardar izini. Bisa al'ada yakan fara gwada hannunsa da littafin Esta, domin babu sunan Allah a cikinsa, saboda haka kuskure a nan bai kai nauyin kuskure a Attaura ba. Wannan shi ne aikin da allo yake yi a tsangaya: wurin da ɓata take da arha, a wanke a sake, kafin a hau takardar da ba ta wankuwa.

Amma akwai wurin da hanyoyin biyu suka rabu sarai. An hana sofer ya rubuta Attaura da ka, ko da ya haddace ta. Dole ya ajiye ingantaccen kwafi a gabansa, ya dubi kalma, ya furta ta, sa'an nan ya rubuta. Alaramma kuwa sai ya kawar da littafin daga gabansa sa'an nan aikinsa yake da daraja. Ɗaya yana tsoron ƙwaƙwalwa don tana yaudara, ɗaya yana tsoron dogaro da takarda don tana lalatar da hadda. Dalilin wannan bambanci yana cikin matsayin littattafan biyu a wajen masu su. A majami'a daga cikin littafin ake karantawa, saboda haka littafin ne shaida. A masallaci kuwa liman da ka yake karantawa, kuma Alƙur'ani daga baki zuwa baki aka karɓo shi, saboda haka ƙirjin mahaddaci ne shaida, takarda tana biye.

5.0 Yadda ya kamata a karanta shafin

In an fahimci haka, shafin Alƙur'anin tsangaya zai fito da wata kama. Ruwayar Warshu ce, wanda ya rasu a 197 bayan Hijira, daga malaminsa Nafi'u na Madina. Ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, bisa tsarin Magariba. Baƙaƙen da aka ja da baƙar tawada su ne asalin rubutun Usmanu, wanda malamai irin su Abu Amru Addani, wanda ya rasu a 444 bayan Hijira, suka tsare ƙa'idojinsa, bisa fatawar Imamu Malik cewa a bar Alƙur'ani a kan rubutunsa na farko. Wasulla da jar tawada ake yin su. Alif ɗin da ake karantawa amma babu shi a asalin rubutun, shi ma da ja ake sa shi. Hamzar da ake furtawa ɗigon rawaya ce, alamar alif ɗin da ake tsallakewa a sadarwa kuma kore ce.

Mai kallo da idon zane zai ce launuka huɗu sun ƙawata shafi. Gaskiyar magana ita ce launukan nan bayani ne na ilimi. Baƙi yana cewa ga abin da aka gada daga Sahabbai, ja da rawaya da kore suna cewa ga abin da malamai suka ƙara don a karanta daidai. Marubucin da ya ja alif da baƙa inda ja ya kamata ya yi ɓata babba, ko da alif ɗin ya fi kowane kyau a shafin. Naɗaɗɗiyar Attaura ta warware wannan matsala ne ta hanyar barin wasulla gaba ɗaya, baƙaƙe zalla ake rubutawa. Tsangaya ta zaɓi ta sa su, amma ta bambanta su da launi. A ganin wannan sharhi zaɓin tsangaya ya fi dacewa da littafin da za a koyar da yara da shi.

Haka abin yake ga sauran alamomin. 'Yan da'irori uku na ƙarshen aya, da kumsa a kan kowace aya ta biyar, da kuri a kan ta goma, da alamomin sumuni da rubu'i da nusufi da izu a gefen shafi, duk ma'aunai ne na karatu da tilawa. Rashin ɗinke littafin ma ba gazawa ba ce. Warƙoƙi a sake cikin tadarishi suna ba almajirai da yawa damar kwafa daga littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma warƙar da ta ɓaci ana iya zare ta a sake wata. Kalmar da ake rubutawa a gindin shafi, wadda za ta buɗe na gaba, ita ce take tsare jerin. Zayyana kuwa, wadda ta fi ɗaukar hankalin masu ɗaukar hoto, ita ce ta ƙarshe a daraja, kuma sau da yawa wani ne daban yake yin ta.

Sai kuma harji, wanda shi ne ƙololuwar ilimin gwanaye. Babban haɗarin mai rubutu da ka shi ne ayoyi masu kama da juna, inda hannu yakan zame daga wata sura ya faɗa wata. Maganin da gwanaye suka yi wa wannan shi ne ƙidaya: sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza, a ina da ina, wace ce tilo. Sukan sa alamar wannan lissafi a gefen rubutu. Abin mamaki shi ne malaman Yahudawa na Ɗabariyya, waɗanda aikinsu ya kammala wajen ƙarni na 10, irin wannan lissafi suka yi a gefen shafukan littattafansu, kamar yadda ake gani a kwafin nan da ake kira na Leningrad, wanda aka rubuta a Alƙahira wajen 1008. Talmud ma ya fassara sunan sofer da cewa mai ƙidaya ne, domin na farkonsu haruffa suke ƙirgawa. Al'ummu biyu da ba su haɗa makaranta ba sun gano cewa lissafi shi ne shingen nassi.

6.0 Raunin tsarin

Ba adalci ba ne a yabi tsarin a rufe ido ga rauninsa, kuma kwatancin da aka yi shi ne yake fito da raunin. Na farko, ƙa'idojin sofer a rubuce suke, kowa yana iya buɗe littafi ya kama malaminsa da kuskure. Ilimin darasu da harji kuwa mafi yawansa a bakin gwanaye yake, kuma gasar da ke tsakaninsu takan sa wani ya riƙe abin da ya sani don ya kayar da abokin karawa. Ilimin da ya zama makamin gasa yakan bi mai shi kabari.

Na biyu, marubutan tsangaya da yawa ba sa rufe aikinsu da suna da gari da shekara, ballantana sunan wanda ya duba. Wasu tawali'u ne ya hana su. Amma sakamakon shi ne shaidar da ta fi kowace daraja, watau silsilar gyara, ba ta bin littafin. In ya bar hannun mai shi ya shiga kasuwa, ba abin da ya rage sai kyan gani, kuma da shi mai saye zai yi ciniki. Ta haka marubutan da kansu suka taimaka wa ma'aunin ido.

Na uku, tsananin kula da baƙi bai samu takwara ba a wajen furuci. Sukar da malaman tajwidi suke yi wa wasu alarammomi, cewa suna karanta lodi da zal da sa mai ɗigo uku da harshen Hausa, tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake masu sukar sukan wuce gona da iri har su ɗauki sassaucin hamza da imala na ruwayar Warshu a matsayin kuskure. Na huɗu, tawadar kanti da alƙaluman roba masu launi sun fara maye gurbin ta gargajiya, kuma ba su da ƙarkon ta bagaruwa. Na biyar, tsarin ya ginu ne a kan tafiye-tafiye da zaman kiskadi, saboda haka ƙofarsa ba ta buɗe wa mata sosai ba, kuma wahalar da ƙananan almajirai suke sha a yau ta shafa wa dukkan tsangaya baƙin jini, har mutane ba sa tsayawa su ga abin da ke samanta.

7.0 Maɗaba'a da abin da ta canza

Daga shekarun 1950 maɗaba'un Kano suka fara ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa. Ta wannan hanya hannun marubuta irin su marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari ya shiga kusan kowace tsangaya. Wannan bugu ya yi rana, domin ya sauƙaƙa farashi, ya kuma tsare siffar rubutun da ruwayarsa. Amma ya mai da hannu ɗaya abin koyi ga kowa, har bambancin garuruwa ya fara dushewa, ya kuma rage wa alaramman ƙauye masu saye.

Guguwa ta biyu ta fi ƙarfi. Bugun Alƙahira na 1924 ya daidaita ruwayar Hafsu da rubutun Gabas, sa'an nan maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984 ta riƙa yaɗa shi ta hannun alhazai da makarantun Islamiyya. Yau kuma ga shi a cikin wayar hannu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta ɗaukaka hadda da tajwidi ƙwarai, amma baki take aunawa, ba ta auna alƙalami. Har laƙabin gwani ya koma ana ba wanda ya ci musabaƙa, alhali a tsangaya ba a samunsa sai ta allo.

A nan ne kwatancin yake ba da darasinsa mafi muhimmanci. Yahudawa sun fara buga littattafan Ibrananci tun ƙarni na 15, amma sofer bai rasa aiki ba, domin dokarsu ba ta karɓi bugaggen littafi don karatun majami'a ba. Har kwamfutar da suka shigo da ita, duba kuskure take yi, ba ta rubutu. Alaramma ba shi da irin wannan garkuwa, domin a Musulunci bugaggen Alƙur'ani Alƙur'ani ne cikakke, kuma ba mai neman a canza wannan hukunci. Saboda haka duk mai fatan rubutun tsangaya ya ɗore a matsayin kayan ado ko tsarabar manya, ya jingina shi da abin da ba zai riƙe shi ba. Abin da ya raya shi tun farko shi ne zamansa jarrabawar hadda, kuma a nan ne maɗaba'a ba ta iya maye gurbinsa. Na'ura tana iya buga dubban kwafi, amma ba ta iya shaida cewa wane ya san inda kowane alif yake.

Masu nazarin Hausa suna da nasu kason a wannan asara. Ajamin Hausa daga wannan hannu ya tsiro. Ɗigon da ake sawa a ƙarƙashin baƙi don wasalin e, daga alamar imala ta Warshu aka aro shi, kuma fa da ƙaf na ajami na Magariba ne. Ɗalibin da ya tashi da bugun Madina kaɗai yakan yi tuntuɓe a shafin farko na waƙoƙin ƙarni na 19. In satu ya mutu, masu iya karanta wannan taska za su ragu tare da shi.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa darajar Alƙur'anin tsangaya tana cikin hadda da gyaran da suka haife shi, kuma launukansa da alamominsa bayanin ilimi ne kafin su zama ƙawa. Daga wannan ana iya fid da shawarwari huɗu. Masu shirya musabaƙa, tun daga matakin ƙaramar hukuma, su buɗe rukunin satu, a ba ɗan takara allo da alƙalami, gwanaye su duba. Marubuta su riƙa rufe aikinsu da suna da gari da shekara da sunan wanda ya duba. Hukumomin da ke kula da tsangaya su karɓi Alƙur'anin da aka rubuta da ka aka kuma inganta a matsayin shaidar ilimi, kamar yadda takardar izini take ga sofer. Sa'an nan manazarta harshe na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su zauna a wuraren darasu na Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, su tattara kalmomin fannin da ƙa'idojin harji daga bakin masu su, da yardarsu, da sunayensu. Tafiyar ba ta da nisa, gwanayen kuwa yawancinsu dattawa ne.